Goma Bisa Ashirin: Sharhi a kan Sababbin Hanyoyin Koyar da Ɗaliban Injiniya da Auna Su

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Dungas, ko a ɗaya daga cikin garuruwan gundumar kamar Dogo-Dogo da Malawa, idan Allah ya nufe shi da zama injiniya, to, sai ya ratsa ma'auni iri uku. Na farko shi ne na makarantar allo, inda ba a san maki ba: ko ya biya karatunsa daidai a ba shi izinin wanke allo, ko ya yi gargada a ce ya koma ya sake. Na biyu shi ne na lakwal, tun daga sakandare har jami'a, inda ake auna kome bisa ashirin, wanda ya sami goma ya wuce. Na uku shi ne na aikin kansa, ranar da za a damƙa masa rijiya ko kwalbati ko famfo mai aiki da hasken rana a ce ya tsara ya gina.

Tun daga ƙarshen shekarun 1960 malaman jami'a a ƙasashe daban-daban suke kokawa cewa ma'auni na biyu ba ya faɗin gaskiya game da na uku, suka kuma fito da hanyoyin koyarwa da na ba da maki waɗanda suke ganin sun fi dacewa. Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan uku daga cikin waɗannan hanyoyi, a duba abin da kowace ta gyara da abin da ta bari, sa'an nan a auna su da halin da ɗalibin ƙasar Hausa yake ciki. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa babban aibin tsohon tsari ba lamba ba ce. Aibinsa shi ne barin abin da ɗalibi ya iya ya rufe abin da bai iya ba, kuma duk sabuwar hanyar da ba ta taɓa wannan ba, ba ta taɓa ciwon ba.

2.0 Asalin Ma'aunin da Shakkun da Aka Yi a Kansa

A shekarar 1890 ne hukumar ilimi ta Faransa ta tsayar da ba da maki daga sifiri zuwa ashirin a makarantun sakandare, daga can kuma tsarin ya biyo mulkin mallaka ya zauna a Nijar. Da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, da wannan ma'auni aka fara. Makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu, wadda ta buɗe a Yamai a 1990, da cibiyoyin fasaha na IUT da aka kafa a Maraɗi da Tawa da Damagaram kafin jami'o'in garuruwan su tsaya da ƙafarsu a 2010, duk sun tarar da shi a ƙasa. A Nijeriya kuwa, inda ƴaƴan kan iyaka da yawa suke zuwa karatu a Kano da Zariya, bisa ɗari ake aunawa.

Shakka a kan lambar ba ta yau ba ce. A Amurka, a 1913, Daniel Starch da Edward Elliott sun ba malamai fiye da 100 takarda guda ta jarrabawar lissafin siffofi domin kowa ya duba shi kaɗai, sai tazarar da ke tsakanin mafi rowa da mafi kyauta ta wuce maki 60 cikin ɗari. A Faransa, a 1936, Henri Laugier da Dagmar Weinberg sun yi irin wannan gwaji da takardun jarrabawar bak. Lissafinsu ya nuna cewa kafin a sami makin da za a amince da shi, ana bukatar masu dubawa 13 a kan takardar lissafi, 16 a kan ta fizik, 127 a kan ta falsafa. Abin lura shi ne ko lissafi da fizik, waɗanda ake ɗauka amsarsu ɗaya ce, ba su tsira ba. Ke nan bambancin da ke tsakanin 9,5 da 10,5, wanda a kansa ake kora ko a riƙe ɗalibi, bai kai girman kuskuren ma'aunin kansa ba. Injiniya kuwa, abu na farko da ake koya masa a ɗakin gwaji shi ne kada ya rubuta lambar da ta fi ƙarfin ma'auninsa.

Akwai shakka ta biyu. André Antibi, malamin lissafi a Tulus, wanda ya koyar har a makarantar injiniyoyin jirgin sama, ya fitar da littafi a 2003 mai suna La constante macabre. A ciki ya nuna cewa malami yakan ji nauyin ya kayar da wani kaso na ajinsa ko da duk sun gane, domin kada abokan aiki su ɗauke shi mai sakaci. Wanda ya zauna a jami'o'inmu ya san malamin da ake jin tsoronsa saboda ba a samun goma a wurinsa, ana kuma ɗaukar haka alamar zurfin ilimi.

3.0 Matsalar Ramuwa

Waɗannan shakku biyu sun shafi kowane fanni. Ta uku kuwa ta fi tsanani a karatun injiniya. A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi tsarin LMD, watau digiri na farko shekara uku mai kiredi 180, kowane zango kiredi 30, sa'an nan digiri na biyu da na uku. An yi fatan tsarin zai sa kowane darasi ya tsaya da kansa. Amma a jami'o'i da yawa masu bin tafarkin Faransa an shigo da tsohuwar al'adar ramuwa cikin sabon tsari: ana haɗa makin darussa a raba, idan matsakaicin ya kai goma, wanda aka ci ya biya wa wanda aka faɗi.

A ƙaddara ɗalibi ya ɗauki darussa huɗu masu nauyi ɗaya. Ya sami 16 a lissafi, 14 a zanen gini, 7 a ilimin ƙasa da harsashi, 5 a ƙarfin kayan gini. Jimla 42, matsakaici 10,5. A inda ba a sa iyakar da maki ba zai gaza ta ba, wannan ɗalibi ya wuce, alhali darussa biyun da ya faɗi su ne masu gaya masa ko ginshiƙi zai ɗauki nauyin da aka ɗora masa. Tsarin Nijeriya ya rufe wannan ƙofa, domin darasin dole idan an faɗi shi sai an sake shi. Sai dai ya bar wata a buɗe: makin wucewa 40 ne ko 45 cikin ɗari, kuma lambar ba ta faɗin wane ɓangare ne na darasin ɗalibin bai sani ba.

A kwatanta wannan da yadda injiniyoyi suke auna kankare. Ana zuba samfuri a ajiye shi kwana 28, sa'an nan a matse shi da na'ura har ya fashe. Idan ya kai ƙarfin da aka gindaya an karɓa, idan bai kai ba an ƙi. Ba a taɓa cewa kyan fenti ya rama raunin ginshiƙi ba. A ƙasar Magariya da Dungas, inda ƙasa take da yashi, ruwa kuma yake kusa a kwarin Korama, rijiyar da zoben simintinta guda ya yi rauni, sauran zobba ba za su hana ta ruftawa ba. Sana'ar da ba ta yarda da ramuwa a kayanta ba, abin mamaki ne ta yarda da ita a masu koyonta.

4.0 Hanyoyi Uku da Aka Kawo

4.1 Hanyar ƙwarewa gaɓa-gaɓa

Fred Keller, masanin halayyar ɗan Adam, ya tsara wannan hanya tare da abokan aikinsa domin sabuwar jami'ar Burasiliya a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana ta a wata maƙala a 1968, shekarar da Benjamin Bloom ya fitar da tasa a kan koyo har a ƙware. Ana yanka darasi gaɓa-gaɓa. Ɗalibi yana karanta gaɓa a rubuce, idan ya ji ya shirya sai ya nemi gwaji. Ba ya wucewa gaba sai ya kawo kusan kome daidai. Idan ya kasa ba a rage masa kome ba, sai ya koma ya sake. Manyan ɗalibai ne suke duba gwajin nan take a gabansa, lacca kuwa ba ta zama dole ba. Billy Koen ya shigar da hanyar cikin karatun injiniya a jami'ar Tekzas da ke Ostin wajen 1969, ta kuma bazu a cikin shekarun 1970.

Wannan hanya ita ce kaɗai cikin ukun da ta fuskanci matsalar ramuwa gaba da gaba, kuma nazarce-nazarcen da aka tattara a ƙarshen shekarun 1970 sun nuna ɗalibanta sukan fi na lacca a jarrabawar ƙarshe. Duk da haka ta ja da baya a shekarun 1980. Dalilan sanannu ne. Ɗalibin da aka bar wa lokacinsa yakan yi jinkiri har zango ya ƙare yana gaɓa ta uku. Kowace gaɓa tana bukatar gwaji iri-iri domin masu maimaitawa. Masu dubawa kuma sai an same su, an horar da su, an biya su. Masu yabon hanyar a yau sau da yawa sukan ambaci sakamakon su manta da kuɗin.

4.2 Hanyar ɗage maki

A 1968 cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ta daina ba ƴan shekarar farko maki, sai dai a ce ya wuce ko bai wuce ba, daga baya ma aka daina rubuta faɗuwar a takardar da za ta fita waje. Manufar ita ce a ba sabon ɗalibi damar sabawa ba tare da fargaba ba. A 2002 aka taƙaita wannan ga zangon farko kawai. Cibiyar WPI ta garin Wusta ta fi zurfafawa a 1970, inda ta maye gurbin haruffa da matakai uku, ta kuma sa babbar jarrabawar ƙwarewa a ƙarshe. A tsakiyar shekarun 1980 ita ma ta komo ga haruffa. Faransa kanta, a 1969, ta shawarci makarantu su bar ashirin su koma matakai biyar, amma a 1971 aka maido da ashirin a azuzuwan jarrabawa.

Wannan komowa da aka yi sau uku abin nazari ne. Maki ba na malami da ɗalibi kaɗai ba ne. Mai ba da tallafin karatu yana son ya san wa zai ba, mai ɗaukar aiki yana son ya san wa zai ɗauka, jami'ar waje tana son abin da za ta kwatanta. Majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne daidaita takardun shaida tsakanin ƙasashe. Ga ɗan talaka daga Dungas, wanda ba shi da kowa a ofis, lamba duk da aibinta ita ce shaidar da ba ta tambayar ɗan wane ne. Idan aka ɗage ta ba a sa wani abu bayyananne a gurbinta ba, to, sanayya ce za ta cike gurbin. Saboda haka wannan hanya tana da amfani a zangon farko, lokacin da ɗan ƙauye yake fama da baƙon gari da baƙon salon karatu, amma ba magani ba ce ga digiri gaba ɗaya. Har ila yau ba ta taɓa ramuwa ba: wucewar da aka gina a kan rabin sani, ko an ɓoye lambar, rabin sani ce.

4.3 Hanyar aikin rukuni

Jami'ar Alborg a Denmak, wadda aka kafa a 1974, ta gina karatun injiniyarta a kan matsala. Kowane zango ɗalibai suna haɗuwa rukuni-rukuni su ɗauki matsala ta gaske su warware, aikin kuma yana cin kusan rabin lokacinsu. A Nijeriya shirin SIWES, wanda aka fara a 1973, yana tura ɗalibai masana'antu da wuraren gini domin su ga aiki da idonsu. Akwai kuma hujja mai ƙarfi cewa sa ɗalibi ya yi da hannunsa ya fi zaunar da shi yana kwafa. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara nazari 225 a fannonin kimiyya da injiniya da lissafi, suka sami cewa kashi 33,8 cikin ɗari suna faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, kashi 21,8 kuwa a azuzuwan da ɗalibai suke aiki a cikinsu.

Wajen koyarwa, ba a jayayya da wannan hanya. Wajen aunawa ne take da rauni. Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san akwai mai zuwa da fartanya, akwai mai zuwa don fura. Idan aka ba rukuni maki ɗaya, to, an maido da ramuwa ta wata ƙofa: da can darasi yana rufa wa darasi asiri, yanzu ɗalibi yana rufa wa ɗalibi. Wannan damuwa ce ta sa gwamnatin Denmak ta hana jarrabawar rukuni a 2006, kafin a sake halatta ta bayan wasu shekaru. Abin da ya sa tsarin Alborg yake tsayawa shi ne ana yi wa kowane ɗan rukuni tambaya da baki a ba shi makinsa shi kaɗai. Wanda ya kwaikwayi rukunin ya bar tambayar, ya ɗauki kwanon ya bar tuwon.

5.0 Allo da Maƙera

Mai karatu Bahaushe da ya ji bayanin hanyar Keller ba zai ji baƙon abu ba. A makarantar allo kowane yaro yana kan nasa wurin, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa a izu. Ba a yi masa ƙari sai ya biya na allonsa. Kasawa ba ta da hukunci a rubuce, sai maimaitawa. Manyan almajirai suna biya wa ƙanana, kamar dai masu dubawa na Keller. A maƙera da wajen magina kuma yaro yana farawa da zuga ko kwaɓa ƙasa, ba a ba shi aikin gaba sai an ga na baya ya zauna, ba a kuma yaye shi sai ya yi abu cikakke wanda mai saye ya karɓa.

Harshe ma ya riƙe wannan bambanci. Game da boko ana cewa ya ci jarrabawa ko ya faɗi, kalmomin da ake yi wa kokawa da yaƙi da zaɓe, inda akwai abokin karawa da sa'a. Game da sana'a kuwa ana cewa ya iya, ya ƙware, hannunsa ya faɗa, an yaye shi. Ba a cewa maƙeri ya ci ƙira. Kalmar jarrabawa kanta daga Larabci take, asalinta gwada abu a gani, amma amfani ya janye ta zuwa ma'anar ranar hukunci. Maki kuwa aro ne daga Ingilishi, kuma babu wata tsohuwar kalmar Hausa da ta yi daidai da shi.

Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, wanda kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya riga ya jawo hankali ga wannan a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964. Ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya tana tafiya mataki-mataki, tana haɗe da aikin hannu da rayuwar jama'a, ya kuma soki makarantar mulkin mallaka da raba ilimi da aiki da raba yaro da harshensa. Maganarsa tana da nauyi a nan domin shi masanin fizik ne, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da hasken rana.

Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma masu ɗokin cewa da ma muna da abinmu sukan tsallake ta. Na farko, abin da allo yake aunawa shi ne maido da nassi yadda yake, amsa ɗaya ce, kuskure kuma a bayyane yake. Wannan ya yi daidai da ginshiƙan karatun injiniya, kamar juya ma'aunai da daidaita ƙarfi da lissafin nauyi. Bai yi daidai da tsara gada ba, inda amsoshi biyar za su iya zama daidai, aikin kuma shi ne zaɓen wadda ta dace da kuɗi da ƙasa da kayan da ke akwai. Na biyu, makarantar allo ba ta da kalanda. Wani ya sauke a shekara huɗu, wani a goma, wani ya bari ba wanda ya rubuta. Jami'a kuwa tana da kujeru ƙidayayyu da tallafi mai wa'adi, ga kuma yajin aiki da ya sha sa shekarun karatu suka hau kan juna. Na uku, maƙeri yana koyar da abin da ya gada, injiniya kuwa ana son ya iya lissafa abin da ba a taɓa ginawa ba. Gadon yana nuna cewa ɗalibin Hausa ba zai ga baƙunci a ƙa'idar sai ka iya za ka wuce ba. Bai nuna cewa za a ɗauko tsarin ɗungurungum a kai jami'a ba.

6.0 Abin da Hanyoyin Uku Suka Manta: Harshe

Duk hanyoyin nan an haife su ne a inda malami da ɗalibi da lebura suke magana da harshe ɗaya. A nan ba haka abin yake ba. Ɗalibi yana tunani da Hausa, yana rubuta jarrabawa da Faransanci ko Ingilishi, sa'an nan ya fita aiki ya tarar da magina da masu haƙa rijiya da kwamitin masu kula da famfo, waɗanda da Hausa zai yi musu bayani. Wannan yana ɓata ma'auni ta fuska biyu. Takardar jarrabawa tana gauraya sanin fizik da sanin Faransanci ta ba su maki ɗaya, har ba a san wanne ne ya gaza ba. Sa'an nan ba ta auna abin da aikin zai nema a rana ta farko ba, watau ya iya gaya wa magini dalilin da ya sa ba a ƙara wa kwaɓin siminti ruwa don ya yi sauƙin zubawa, da dalilin shayar da kankare kwanaki bayan an zuba shi. Injiniyan da bai iya faɗin wannan da harshen maginin ba, lissafinsa yana kan takarda, ginin kuma yana hannun wanda bai ji shi ba.

Hanyar Keller ta ma fi tsananta wannan, domin ta jingina kome a kan karatun rubutu, lacca ta koma gefe. Ga ɗalibin da Faransancinsa bai nuna ba, bayanin baki shi ne tsaninsa.

Ba daga sifiri za a fara ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Abin da ya rage shi ne kalmomin fannu. Hausa tana da rodi da kankare da daɓe da harsashi da azara, amma kalmar ƙarfi ita kaɗai take ɗauke da ma'anoni da dama waɗanda injiniya yake rarrabewa: ƙarfin da ke tura abu, da juriyar ƙarfe kafin ya karye, da yawan aikin da inji yake yi a daƙiƙa. Rarrabe waɗannan aiki ne na masana harshe da injiniyoyi tare, kuma a bakin ma'aikata ya kamata a fara tattara su, ba a ofis ba.

7.0 Abin da Sharhin Ya Nuna

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu, waɗanda babu mai bukatar rushe tsarin da ake da shi.

Na ɗaya, a kowane darasin injiniya a ware abubuwa kaɗan, kamar biyar ko shida, waɗanda rashin saninsu yake kawo rushewa ko asarar rai. A sanar da ɗalibai su tun ranar farko. Waɗannan a auna su da ƙa'idar allo: ya iya ko bai iya ba tukuna, da damar maimaitawa sau biyu ko uku a ranakun da aka tsayar, ba kuma darasin da zai rama su. Tsayar da ranakun shi ne maganin jinkirin da ya karya hanyar Keller, taƙaita yawansu kuma shi ne maganin tsadarta.

Na biyu, a bar lamba a kan sauran darasin, domin ɗalibi yana bukatarta a wajen jami'a, amma a daina yanke hukuncin kora a kan rabin maki.

Na uku, aikin rukuni ya fito daga matsalolin ƙasa, kamar lissafin yawan farantan hasken rana da famfo zai bukata domin shayar da gonar rake ko ta albasa a fadama, ko girman kwalbatin da zai ɗauki ruwan Agusta. Kowane ɗan rukuni a yi masa tambaya shi kaɗai.

Na huɗu, wani ɓangare na wannan tambaya ya kasance da harshen ƙasa, a gaban ma'aikaci na gaske, wanda za a tambaye shi daga baya abin da ya fahimta.

Akwai ja da za a iya yi, cewa wannan zai ƙara wa malamai aiki a inda malami ɗaya yake da ɗalibai ɗaruruwa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa aka ce abubuwa biyar ko shida, ba darasi duka ba. A Nijeriya ma, tun da hukumar COREN ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washinton a 2023, ana neman sassan injiniya su nuna abin da ɗalibi ya iya yi, ba yawan awoyin da ya zauna a aji kawai ba. Hatsarin shi ne abin ya tsaya a cike takardu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa lambar da ake ba ɗalibi ba ta kai daidaicin da ake zato ba, kuma al'adar ramuwa tana barin mutum ya fita da shaidar injiniya alhali akwai gaɓar da ta kamata ya sani bai sani ba. An ga hanyar ƙwarewa ta gyara wannan amma da tsada, hanyar ɗage maki ta rage fargaba amma ta bar ɗan talaka ba shaida, hanyar aikin rukuni ta gyara koyarwa amma tana iya maido da ramuwa. An ga kuma dukkansu ba su yi lissafi da harshen wurin aiki ba. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne su bi magina da maƙera da masu haƙa rijiya da masu gyaran famfo a Dungas da Magariya da makamantansu, su rubuta kalmomin da suke aiki da su, su zauna da malaman fasaha na Maraɗi da Yamai a daidaita su. In ba a yi wannan ba, shawara ta huɗu ba za ta wuce takarda ba.